Kawo In Karɓe Ki

Kai babba, da ke Ummu Salma, da kai Lukman auta, kowa ya ajiye abin da yake yi ya karanta wannan har ƙarshe. Kada wanda ya kira ni a waya sai ya gama. Na san halinku, layi biyu za ku karanta ku hau ni da tambayoyi. Na zaɓi in rubuta ne saboda in da baki ne murya za ta karye mini a tsakiya, ku kuwa ba ku taɓa jin haka daga gare ni ba, ba kuma yanzu za ku fara ba.

Tun da babanku ya rasu a nan Guangzhou aka binne shi a maƙabartar Musulmi, magana ɗaya kuke ta ja a kaina. Babba ya ce in tattara in koma Kano, shagon Ƙofar Ruwa ya ishe mu, tsufa ya zo. Ummu Salma ta ce a ƙyale Umma ta yi abin da ranta ke so. Lukman bai ce uffan ba, ya gama karatunsa a Tianhe ya hau jirgi ya bar ni da tukwanen da bai wanke ba. Ni kuma na ce muku ba a haifi wanda zai yanke mini inda zan zauna ba. Na faɗa, ban kuma janye ba sai yau. Ga dalili.

Kun san gidan Danbare da babanku ya fara bai gama ba. Abin da ba ku sani ba shi ne inda ya samo fasalinsa. Shekarun baya wani abokin cinikinsa ya kai shi wani tsohon gari kudu da nan. Ya dawo bakinsa har kunne. Ya ce, "Hajjaju, yau na ga gidan da zan tsufa a cikin irinsa." Ya yi ta ba ni labarin baranda mai ginshiƙai, da wani tayil mai shuɗi da ruwan ɗorawa, har na ce masa ya je ya auri tayil ɗin. Allah bai nufa ya gani ba.

To a bana na ce zan gama masa gidan. Masu yin tayil a Foshan suka ce in kawo hoton zanen, za su buga mini irinsa. Kuma bari in faɗa muku abin da na ɓoye: a raina na fara saukowa. Na ce in gida ya kammala sai in koma in zauna a barandarsa, jikoki su dame ni. Har akwati na saya, babba, ja.

Abdoulaziz ne ya kai ni, ɗan Maraɗin nan ejan ɗinmu na kasuwar Tianxiu, wanda ya yi wa babanku tafinta tun gashin kansa na baƙi. Sunan garin kuwa ba zan faɗa ba. Na san Lukman, zai ce sai ya je ya gani da idonsa.

Hanya ta cushe mana a fitowa, ba mu isa ba sai bayan la'asar sakaliya. Gari ne a bakin kogi. Da gani ka san ya taɓa cin kasuwa, irin cin da ake yi a manta da gobe. Titi ɗaya ne dogo, benaye sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya miƙo samansa kan hanya ya tokare da ginshiƙai, sai abin ya zama rumfa guda tun daga farkon titi har ƙarshensa. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya za ka ratsa garin ba ka jiƙe ba. Ni da na sha rana a Kwari da atamfa a kai, na tsaya na ce wanda ya yi wannan tunanin ɗan kasuwa ne na gaske. Sama kuwa ado har ya yi yawa. Tagogi masu gilashi ja da kore, ƙarafan baranda an lanƙwasa su kamar zanen lalle. Amma shagunan duk a rufe, sai ɗaiɗaiku: mai busasshen kifi, mai gyaran keke, wata tsohuwa da turaren tsinke. Bishiyoyi sun tsiro a kan rufi, saiwoyinsu sun biyo bango sun kutsa ta tagogi.

A ƙarshen titin akwai tashar jirgin ƙasa, da agogonta da dakalinta. Layin dogo ne babu. Ciyawa kawai da kajin wani.

Mai gidan da muka je wani dattijo ne siriri, sunansa Situ. Ni Shitu nake ce masa, yana amsawa. Na ƙare masa kallo na ce wa Abdoulaziz, "Wannan hancin ba na ƙasar nan ba ne. Tambaye shi inda ya samo shi."

"Haba Hajiya, yanzu muka zo hwa."

"Tambaye shi na ce."

Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce na kakarsa ne. Daga nan ya saki baki, Abdoulaziz yana juya mini. Ashe mutanen garin 'yan ci-rani ne irinmu. Kakanninsu sun bi jiragen ruwa zuwa Kuba da Peru da Meziko, ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Sun yi dako, sun yi wanki, sun buɗe kantuna. Wanda Allah ya buɗa wa sai ya gina gida irin na can a garinsu, don a san ya je. Su suka haɗu suka shimfiɗa dogon. Da yaƙi ya zo aka tumɓuke shi, ba a kuma mayar ba, ciniki ya bi wata hanyar, gari ya mutu a tsaye.

Kakan Situ a Meziko ya yi aure, wata mai suna Karmela. Da aka tashi korar mutanen China daga can, sai aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Ya taho da ita. Ya gyara mata gidan nan irin na ubanta, don ta daina kuka.

Na ce, "Ta daina?"

Wannan ba sai an juya mini ba. Situ ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Babu.

Muka shiga. 'Ya'yana, babanku bai yi ƙarya ba. Soro ne mai duhu, kana wuce shi sai ga tsakar gida a buɗe, rijiya a tsakiya, baranda ta zagaye ta ko'ina. Ashe su ma da tsakar gida suke gini, kamar mu. A wani gurbi a bango akwai ɗan gunki irin na coci, mace da mayafi, fentin fuskarta ya goge. Ga tayil ɗin nan a ƙasa, shuɗi da ruwan ɗorawa, ƙura ta rufe shi amma bai dushe ba. Na durƙusa na goge guda da bakin mayafina. Na tuna a nan shi ma ya tsaya. Na yi ta ɗaukar hoto don kada su ga idona.

Situ ya fara ɗaga kai yana duban sama. Ya yi magana da sauri.

"Hajiya, lawban, mai gidan nan, ya ce mu gama, shi ba ya kai duhu a nan. Ya ce kuma ban da can baya, wajen madafa."

"Me ke can?"

"Ya ce rufin ne ba lahiya."

Suka fita, Abdoulaziz zai yi alwala a mota, Situ zai karɓo kwaɗon ƙofa a maƙwabta. Na ce su ba ni minti kaɗan. Da na duba hotunan sai na ga babu zanen bakin tayil ɗin, wanda ke bin gindin bango. A tsakar gida ya farfashe. Amma na hango shi lafiyayye ya shige wani siririn lungu. Na bi shi, kaina a ƙasa, waya a hannu.

A lungun na ji.

Gur. Gur. Gur.

Na tsaya. Duk macen da ta tashi a irin gidan da na tashi ta san wannan ƙarar. Dutse ne a kan dutse, da hatsi a tsakani. Rabona da ita tun ina yarinya a gidan kakata a Ɓagwai.

Sai ƙamshi ya biyo. Masara ce da aka dafa da toka, mai ɗumi, an tsame ta yanzu.

Ban ji tsoro ba, kada wani ya ce. Daɗi na ji. Na ce matar Shitu ce, ashe rowar abinci ce ta sa ya ce rufi ba lafiya.

Madafar ƙarama ce, rufinta ƙasa-ƙasa. Taga ɗaya, tana kallon tasha, hasken da ya rage ja ne kamar manja. Wata tsohuwa na durƙushe ta ba ni baya. Baƙin mayafi, da kitso ɗaya fari da ya sauko har ƙugu. Dutsen baƙi ne mai ƙafa uku. Duk turawa ɗaya sai kafaɗunta su yi rawa, numfashinta na fita da shessheƙa. Ƙashin bayanta ana iya ƙirga shi ta cikin riga.

Na yi sallama. Shiru.

Na yi gaisuwar 'yan China, "Ni hawo." Shiru.

Na ce, "Sannu da aiki, Iya."

Gur. Gur.

Ku gaya mini, wace 'yar halak ce za ta tarar da tsohuwa a kan dutse ta tsaya tana kallo? Ba haka aka rene mu ba. Ka tarar da mace a kan turmi ko dutse, sai ka karɓe ta, ko kaɗan ne ka taɓa, ta yi godiya, ka mayar mata. Ba shawara ake yi da zuciya ba. Hannu ne ke yi.

Na ajiye jaka. Na naɗe hannun riga.

Na ce, "Kawo in karɓe ki."

Ƙarar ta tsaya cak.

Har kukan tsuntsayen waje ya ɗauke.

Ta juyo a hankali. Ba 'yar China ba ce. Doguwar fuska, dogon hanci, kamar tsohuwar Buzuwa. Idanunta a bushe. Amma daga kowanne akwai farin layi da ya gangaro har haɓa, gishiri ya daskare a kai, ya ci fatar ya yi kwari.

Ta kalle ni. Ban taɓa ganin an yi murna da ni haka ba, ko ranar da na dawo daga Makka.

Ta miƙo mini ɗan dutsen da hannu biyu. Dutsen da ɗumi. Yatsunta kuwa kamar ruwan randa da asuba, kuma sumul, babu zane ko ɗaya a jikinsu.

Ta miƙe. Tsohuwa irin wannan, ko gaɓa ɗaya ba ta yi ƙara ba.

Na durƙusa a gurbinta. Akwai ramuka biyu a tayil ɗin, inda gwiwa ta cinye. Gwiwoyina suka faɗa ciki daidai, kamar an gwada.

Ta sunkuyo ta raɗa mini wata kalma a kunne. Ban san yaren ba. Godiya ba ta buƙatar tafinta.

Akwai wani ƙullin kaya a bayan ƙofa da ban lura da shi ba. Ta ɗauka ta rungume. Ta fita.

Ban ji takunta ba.

Na tura dutsen. Na ce sau biyu ko uku, in tashi.

Sai na ji kukan jirgi.

Daga nesa ya faro, dogo, siriri. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin gwiwata. Tukwanen da ke rataye suka fara karo da juna. Warin hayaƙin gawayi ya cika ɗakin. Haske ya riƙa wucewa a bango, taga bayan taga bayan taga.

Babu dogo a garin nan. Na gani da idona.

Hannuna bai tsaya ba.

Akwai kwanon masara a gefen dutsen, masarar ba ta raguwa. Ina ɗiba, tana nan yadda take.

Sai aka yi tari a bayana.

Tarin nan guda biyu, na biyun gajere. Takun silifa, ƙafar hagu tana ja. Ƙamshin turarensa, da na man zafin da nake shafa masa a gwiwa. Kujerar katako ta yi ƙara, irin ta mutum mai jiki in ya zauna.

"Hajjaju."

Na rufe ido.

"Sannu da aiki. Yi a hankali, ba inda za mu."

Na san matattu ba sa dawowa. Ban yi boko ba, amma islamiyyar matan aure ban je ta don a gan ni ba. Na sani sarai. Ban juya ba, don na san in na juya ba shi zan gani ba. Amma ban tashi ba. Ku ji wannan da kyau, don a nan maganar take: ban so in tashi ba.

Na ce, "Ka tafi ka bar ni a ƙasar mutane."

"Ga ni ai."

"Gidan fa? Ko rufi ba ka yi masa ba."

"Ga gida. Ba shi na ce miki ba?"

Hawayena na zuba a kan ƙullun ina niƙe su tare. Tun ranar da aka fita da shi ban yi kuka a gaban kowa ba. Ranar na yi. Na ji sanyi a ƙirjina irin wanda na manta da shi.

Can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, na ji ana kira. "Hajiya! Hajiya Saudat! Magariba ta yi!"

Taga ta yi baƙi.

Na ce, "Alhaji, bari in yi sallah."

"Ƙarasa tukuna. Sallah ba ta gudu."

Kun san ubanku. Mutumin da ke tsayar da lodin kwantena, lebura na zagi, direba na zagi, ya shimfiɗa kwali a gefen titi. Mutumin da ya kusa ɓalla ƙofar ɗakin babba saboda asuba. Ko a gadon asibiti, da bututu a hanci, lokaci yake tambaya.

Na ce, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim."

Kujerar ta yi shiru.

Turaren ya ɗauke. Warin taɓon kogi ya maye gurbinsa.

Wani abu ya matso. Ban ji taku ba, nauyinsa na ji a bayana. Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata, ta cikin ɗankwali.

Muryar ba tasa ba ce yanzu. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba.

"Ke kika ce a kawo."

Na ja hannuna. Ya ƙi.

Na sake ja. Tafukana sun manne da dutsen, kuma suna ta turawa.

Gur. Gur.

Na kama Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya ta ɓace mini. Na koma farko. Ta sake ɓacewa.

Na koma farko, da ƙarfi, da ihu.

Haske ya faɗo ɗakin. Situ ne da tocila a baki, yana dukan wani kwanon ƙarfe da sanda kamar mahaukaci. Abdoulaziz a bayansa, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Mutumin da ko gefen mayafina bai taɓa taɓawa ba.

Ya ce, "Ki gahwarce ni, Hajiya."

Ya damƙi wuyan hannuwana ya fizga. Na ji fata ta yage. Muka zube tare a bakin ƙofa.

Na waiga sau ɗaya. Dutsen a bushe yake, yanar gizo ta lulluɓe ƙafafunsa. Babu masara, babu kwano, babu kujera. Jinina ne kawai a kan ɗan dutsen.

Kuma yana motsi.

Ban san yadda muka ratsa tsakar gidan ba. Na dai gan mu a ƙarƙashin rumfar titi. Tsohuwar nan mai turare ta dubi hannuwana, ta dubi Situ, ta ja ƙofarta ta rufe. Abdoulaziz ya yage rawaninsa ya ɗaure mini tafuka, yana ta "Innalillahi" yana haɗawa da Faransanci. Situ ya zauna daɓas a ƙasa ya tambaye shi abin da na yi. Na faɗa. Da aka juya masa sai ya dafe kai ya yi ta magana, Abdoulaziz kuma ya ƙi juya mini.

Na ce, "Me yake cewa?"

"Ba komi, Hajiya. Mu tahi."

"Ka faɗa, ko in mare ka da hannun nan mai jini."

Ya faɗa, idonsa a ƙasa. Karmela ta rasu tun Situ na saurayi. Mijinta ya riga ta da nisa. Bayan mutuwarsa wata shekara aka aiko daga ƙasarsu cewa irinta duk mai son komawa ya fito, an ba da hanya. Ta ɗaure kayanta. Ta zo har bakin ƙofa. Sai ta ce, in ta tafi wa zai share masa kabari? Ta koma ciki. Ta ce sai baɗi. Hanyar ba ta sake buɗewa ba, ita kuma ba ta taɓa kwance ƙullin ba. Ta shuka masara a bayan gida, kullum magariba tana niƙa tana kallon tashar da aka sauke ta ranar da ta zo. Da ta mutu ƙarar ba ta mutu ba. Dangi sun ji, baƙi masu yawon kallon gine-gine sun ji, wasu ma sun gani. Kowa gudu yake yi.

"Ya ce ba wanda ya taɓa ce mata ta kawo, sai ke."

Ni ban ce Karmela ce na gani ba. Wanda ya mutu ya tafi inda ya tafi. Malam Salihu da ya yi mini ruƙiyya a unguwar Xiaobei ya ce mutanen ɓoye da ke zaune a tsofaffin gidaje sukan ɗauki ɗabi'ar mai gida in zama ya yi tsawo. Wataƙila wata ce ta zauna da baƙin cikin matar nan har ya zame mata kaya, ta rasa inda za ta sauke. Allah ne masani. Ni dai na san na miƙa hannu, an kuma ɗora mini.

Tafukana sun warke, sai dai sun yi sumul, na'urar banki ma ta daina gane yatsana. Situ ya kira Abdoulaziz ya ce gidansu ya yi shiru, har jikokinsa sun shiga madafar sun share. Ya aiko mini da ganyen shayi. Na zubar. Maƙwabciyata ta ƙasa, wata 'yar Kumasi mai sayar da gashi, ta tare ni a bene tana dariya ta ce, "Hajiya, injin markaɗe kika saya ne? Kullum magariba sai ya hana ni jin waya." Ni ban taɓa jin komai ba. Sai dai wani lokacin in farga in gan ni a durƙushe a tsakar ɗaki ina fuskantar taga, sallah ta kusa wuce ni. Da ruƙiyya da azkar wannan ya yi sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu kafin rana ta faɗi nake sauka shagon ƙawata Ladidi in zauna cikin mutane.

Abin da bai yi sauƙi ba shi ne wannan. Kafin in je garin nan na yi niyyar gida, na gaya muku. Yanzu in na dubi jan akwatin nan sai in kau da kai. Sai dalilai su yi ta zuwa mini, kuma kowanne mai kyau. Wa zai riƙa zuwa wajen babanku ranar Juma'a? Wa zai cire ciyawa, ya yi masa addu'a da harshen da ya sani? Ya kwanta cikin baƙi, a ce ko mutum ɗaya nasa babu a ƙasar? Sai in ce bari dai sai baɗi. Ranar da na ji kalmar nan ta fito daga bakina, a gaban Ladidi, sai da kofin shayi ya faɗi daga hannuna.

Na yi ciniki da Inyamurai da Larabawa da 'yan China, ba wanda ya taɓa sayar mini da abin da ban gani ba. Yau ga ni ban iya bambance muryata da ta wani a cikin kaina. Ban sani ba ko ni ce ke son zama kusa da mijina, wanda hakkina ne, ba kuma abin kunya ba, ko kuwa abin da na karɓa ne ke riƙe da ni. Na yi istihara, na kasa karanta zuciyata. Mai irin wannan hali ba ya yanke wa kansa hukunci.

Don haka na sauke muku. Ku haɗu ku uku, ban da matanku da mazajenku, ban da ƙannen babanku. Ummu Salma, kada ki ce a bar Umma ta yi abin da take so, don Umma ba ta san wanda ke so ba. Lukman, wannan karon sai ka buɗe baki. In kun ce in zauna, zan zauna, ba zan riƙe kowa a zuciya ba, sai dai ku san inda za ku sa ni in ta Allah ta kasance. In kun ce in dawo, to kada ku aiko da tikiti ku zauna jira a filin jirgin Kano, ba zan zo ba. Babba ya taho da kansa. Ya zaɓi jirgin safe. Ya fara kai ni wajen babanku in yi masa sallama, ya ba ni lokaci, kada ya tsaya a kaina.

Daga nan kuma duk abin da zan faɗa kada ya saurara. Zan yi faɗa. Zan kawo hujjoji, kun san na iya. Zan iya yin kuka, zan iya cewa zan yi masa baki. Na yafe masa tun yau, ku biyun ku ne shaida. Ya riƙe hannuna da kyau, ko na ce yana mini ciwo, har sai an rufe ƙofar jirgi.

Ku yanke, ku gaya mini da rana.